Ranar da Kokinka Ta Yi Magana

Da safiyar ranar da za a ɗauko wa ɗansa amarya, Obrad bai fara leƙa ɗan ba, bai kuma zagaya bayan gida ya ga ragunan da ake juyawa a kan garwashi ba. Ɗakin bindigogi ya nufa. Ya tura ƙofa, ya tsaya yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Obrad makanikin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, yana zaune a wani ƙauye cikin tsaunukan da ke kudu da garin Cacak. Tun yana saurayi yake tara bindigogin sojojin da, na yaƙe-yaƙen da kakanninsu suka yi. Wasu ya zaƙulo su daga rufin rumbunan tsofaffi, wasu ya karɓa daga hannun magada, wata ma ya tarar wata tsohuwa ta tokare ƙofar akurkin kaji da ita. Ɗakin da ya jera su ya fi ɗakin kwanansu shi da matarsa Stanika girma, ya kuma fi shi ɗumi lokacin sanyi, domin laima tana kawo wa ƙarfe tsatsa, Stanika kuwa ba ta tsatsa. Babban mutum da furfurarsa ya ɗora ransa a kan itace da ƙarfe. Wannan ba abin yabo ba ne, sai dai babu wanda ya isa ya gaya masa.

Yawancin bindigogin bebaye ne. Hukuma ba ta barin mutum ya ajiye tarin bindigogi masu harbi irin wannan, saboda haka an yi musu walda, an toshe cikinsu da ƙusar ƙarfe. Biyu kaɗai ke da takardar harbi. Ɗaya wata tsohuwa ce ta zamanin sarki, itacenta ya ƙoƙe, sakatarta ma ta wata bindigar ce aka sa mata, amma tana harbi lafiya lau. Kusa da ita an rataye 'yar'uwarta, ƙira ɗaya, tambarin sarki ɗaya, sai dai ita wannan tana sheƙi, kuma lambar da ke jikin sakatarta ita ce a hancinta, ita ce a gindinta. A wurin masu tara bindiga, daidaituwar lamba ta fi asalin mutum daraja. Kyakkyawar kuwa tana cikin waɗanda aka toshe.

Ta biyu mai rai ita ce Kokinka.

Doguwa ce, harsashi ɗaya take ci, da baƙin albarushi irin na da. Tun yaƙin da aka yi da Bulgariya aka ƙera irinta, kuma kaɗan ne suka rage ba a taɓa su ba. Obrad ya same ta cikin bangon wani tsohon gidan niƙa da ake rushewa, naɗe cikin tsumma mai maiƙo, tare da ƙunshin harsasanta a takarda, ɗaure da zare, ba a kwance ba. Ba a taɓa harba ta ba. In ka ɗaga ta ka leƙa cikinta, sai ka ga haske yana juyawa kamar a madubi. Duk girmanta a nan yake. Ranar da aka harba ta, ta zama tsohuwar bindiga kawai kamar ta kowa. Shi ya sa Obrad ba ya taɓa ta sai da farar safar hannu, kuma ko Momir, ɗansa tilo, bai taɓa riƙe ta ba.

Matsalar ita ce uban amarya. Sreten ma mai tara bindiga ne, yana zaune a bayan tsauni, kuma shi ma yana da tasa Kokinkar, sai dai tsatsa ta cinye cikinta. Fiye da shekara ashirin suna haɗuwa a kasuwar masu tara kayan yaƙi, kowa da teburinsa, suna jifan juna da magana. Sreten yakan ce, “Bindigar da ba ta taɓa magana ba sanda ce. Sandar makiyayi ka shafa wa mai kake sa mata safa.” Obrad yakan ce, “Taka fa? Bututun murhu ce, ka kai wa matarka ta yi amfani da ita.” A bayan waɗannan teburan ne Momir da Kosara, 'yar Sreten, suka gaji da zama suna jiran iyayensu, suka fita shan kofi tare. Abin da ya kawo wannan rana ke nan.

Yau kuwa, bisa al'adar ƙasar, sai an harbo tuffa. Dangin amarya sun ɗaure ta a can sama a ƙofar gidansu, kuma ba za a buɗe wa masu ɗaukar amarya ba sai ango ya sauko da ita da bindiga.

Kum Radenko, wanda gidansu ke tsaya wa gidan su Obrad a kowane aure da baftisma tun kakanni, shi ya sa suke kiran juna kum, ya leƙo ɗakin da bindigar farautarsa a kafaɗa.

“Kum, ga ta na kawo. Da wannan ko makaho ya ɗaga sama sai tuffa ta faɗo.”

Obrad ya dube ta kamar an kawo masa mushen ɓera. “Ta zomaye? Daga gidan nan? A gaban Sreten? Kum, ka rufa mini asiri, ka jingine ta a bayan ƙofa.”

“Ai ba sai an nuna ta ba. A bar ta a mota, ko da wani abu.”

“Babu wani abu. Ka dubi bangon nan, ka ce da ni ko da wani abu!”

Radenko ya ɗaga kafaɗa ya jingine ta. A tsakar gida masu busa sun riga sun fara, ƙahonnin tagulla suna walƙiya a rana, mata suna ɗaura fararen tawul a madubin motoci. Obrad ya riga ya sha ƙaramin kofi biyu na rakiya, barasar da ya dafa da kansa shekarar da aka haifi Momir, kuma ƙafafunsa suna son rawa. Ya miƙa hannu bango. A ransa ba tuffa yake gani ba, idon Sreten yake gani, yadda zai sunkuya ya karanta lamba. Duk lokacin da Sreten zai ga bindigarsa, kyakkyawar yake ɗaukowa. Hannunsa ya yi abin da ya saba.

Har ya kai ƙofa sai wani tunani ya tsayar da shi. Yau gidan nan babu kowa, duk ƙauyen ya san haka. Ya koma, ya sa safa, ya naɗe Kokinka a bargo, ya zura ƙunshin harsasanta a aljihun ƙirji.

Stanika ta tarar da shi yana ɗaura wa bargon bel a kujerar baya.

“Mece ce wannan?”

“Kin san ko mece ce.”

“Nan ne wurin zaman yayata.”

“Ta shiga motar kum. Akwai wuri.”

“Yayata ta taso tun daga Nish, ƙafarta a kumbure, ka ba ƙarfe kujerarta? Ka kawo hula mana ka sa mata, kada iska ta kama ta.”

“Stanika, yau ranar farin ciki ce.”

“Shi ya sa ban fasa maka kai da ita ba. Ja mota.”

Aka kama hanya, mai tuta a gaba, motoci suna ta hon, masu busa a bayan buɗaɗɗiyar mota suna busawa duk sanda ramin hanya ya bar su. Obrad yana tuƙi yana waƙa, muryarsa kamar ta injin da ya rasa mai. A kowace kwana sai ya leƙa madubi ya ga ko bargon ya zame. Suka hau tsauni, suka gangara, suka iso gidan Sreten hantsi ya ɗaga.

Ƙofar shingen a rufe take. Bayanta dangin amarya sun cika tsakar gida, ƙanshin kabejin biki da ake dafawa a manyan tukwanen ƙasa ya cika unguwa. Kowa ya ɗaga kai yana neman tuffa a reshen bishiyar da ke bakin ƙofa, inda kowane mai hankali yake ɗaure ta. Ba ta nan. Sreten ya sa an ɗaura doguwar sanda a ƙololuwar bishiyar, tuffar kuma tana can a bakin sandar, ja, ƙarama kamar maɓallin riga. Bayanta babu komai sai gangaren tsauni mai ciyawa.

Radenko ya yi fito. “To, ko na kawo ta zomayen, ba ta kaiwa can.”

Sreten ya fito bakin ƙofa, gajere mai ƙaton gashin baki, da kwalba a hannu.

“Su wane ne waɗannan masu hayaniya? Ɓatan hanya kuka yi?”

“Suruki, buɗe mana!” in ji Obrad. “Mun zo karɓar abin da kuka ajiye mana.”

“Ban zama surukinka ba tukuna. Ga tuffa can. Me kuka zo da shi, ko da duwatsu za ku jefe ta?”

Obrad ya ɗauko kyakkyawar bindigar ya ɗora ta a kan shinge. Sreten ya miƙa wa wani kwalbar, ya sa tabarau, ya sunkuya. Ya karanta lambar hanci. Ya karanta ta sakata. Ya juya gindin ya karanta. Gashin bakinsa ya motsa.

“Ba laifi,” ya ce da ƙyar.

“Ba laifi! Kun ji? Ya ce ba laifi! Ku busa!” Obrad ya ɗaga hannu sama yana juyi a tsakiyar hanya, babban mutum, har hularsa ta faɗi. A wurinsa an riga an gama biki.

Momir ya karɓi bindigar. Dogon saurayi ne mai kunya, likitan dabbobi, wanda ya fi sanin cikin saniya da cikin bindiga. Radenko ya ba shi harsashi. Ya ja sakata, ya sa, ya tura. Ta ƙi rufuwa. Ya sake turawa da ƙarfi.

“Baba, ba ya shiga.”

“Tura sosai, ba allura kake yi ba.”

“Baba, akwai wani abu a ciki.”

Murmushin Obrad ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai tafi ba. Sreten ya miƙo wuya ta kan shinge, ya leƙa, ya ga ƙusar walda tana ƙyalli. Ya miƙe a hankali, ya cire tabarau, ya juya ga danginsa.

“Jama'a! Toshasshiya ce! Sun zo neman 'yata da bebiya!”

Dariya ta fashe a tsakar gidan nan kamar rufi ya rufto. Mata suka fito daga kicin da ludaye a hannu don su ga abin da ya faru. Wani tsoho ya zauna a kan kututture yana share hawaye. Har cikin masu busa na ango, mai babban ƙaho ya kasa riƙewa, dariyarsa ta bi ta cikin ƙahon ta fito kamar kukan sa.

“Ba komai,” in ji Obrad. “Yanzu zan koma in ɗauko ɗayar.”

Radenko ya riƙe masa hannu. “Kum, ka yi hankali. Ayarin ɗaukar amarya ba ya juyawa hannu wofi. Ko mutum ɗaya. Kana so ka ja wa yaran nan tsiya tun ranar farko?”

Haka ne, kuma kowa ya sani. Ko da an yarda ma, tsauni ne tsakaninsu da gida, limamin coci kuma yana da wani auren bayan nasu.

“Kada ku damu,” in ji Sreten, yana murza gashin baki. “Ina da mai harbi a ɗaki, zan ara muku. Sai dai kun san yadda ake yi. Wanda ya harbo tuffa da bindigar uban amarya, a gidan uban amarya zai zauna. Dama ina neman mai ba tumaki ruwa.”

Aka sake kwashewa. Wani matashi daga cikin gida ya ɗaga tsintsiya. “Ango, ga wata! Lambarta ɗaya daga sama har ƙasa!”

Tagar bene ta buɗe. Kosara ta leƙo, farin mayafi a kanta, fuskarta ja wur.

“Baba! Tun asuba nake cikin rigar nan, ko numfashi ba na iya yi! Momir, ko ka hau bishiyar ka cije ta ne, ni dai a sauko da ita!”

Obrad ya dubi ɗansa. Momir yana tsaye a tsakiyar hanya da bindigar da ba ta harbi, kunnuwansa sun yi ja har wuya, yana ƙoƙarin yin murmushi. A ƙasar nan ba a manta irin wannan. Zai tsufa, ya haifi 'ya'ya, ya yi jikoki, kuma a kowace mashaya ana kiransa angon bebiya. Ba laifinsa ba ne. Girman kan ubansa ne ya tsayar da shi a wurin.

Stanika ta matso kusa da mijinta. Ba ta rage murya ba.

“Obrad, wace ce a kujerar yayata?”

“Stanika, yi shiru.”

“Na ce wace ce a cikin bargo, da bel a ƙugu?”

Sreten ya daina dariya. “Wane bargo?”

“Ba ki san abin da kike faɗa ba,” in ji Obrad a hankali. “Ba a taɓa harba ta ba. Babu irinta daga nan har Belgrad. In aka harba sau ɗaya, shi ke nan.”

“Shi ma ba a taɓa yi masa aure ba. Kuma babu irinsa daga nan har ko'ina, ni na haife shi.”

Obrad ya tsaya. Ya dafa aljihun ƙirjinsa. Ya tuna ranar da ya kwance tsumman nan a gidan niƙa. Ya sake duban kunnuwan Momir. Sai ya juya ya nufi mota, yana tafiya kamar mai zuwa cire haƙori.

Da ya kwance bargon, wurin ya yi tsit. Yawancin mutanen ba su san abin da suke kallo ba, doguwar tsohuwar bindiga kawai suka gani. Amma Sreten ya kama shinge da hannu biyu.

“Obrad. Ba za ka yi ba.”

“Ka ce sanda ce.”

“Na faɗa. Amma ba za ka yi ba.”

“Matsa ka gani.”

Ya fito da ƙunshin harsasan. Takardar ta yi launin shayi don tsufa. Ya kai farce zai yaga, Sreten ya yi ƙara kamar an taka shi.

“Kada ka yaga, mahaukaci! Kwance zaren! Ungo wuƙata, bi ta gefen da aka liƙe. A hankali! Kai, kawo in riƙe maka.”

Sai ga su su biyu, ɗaya a waje ɗaya a ciki, kawunansu sun haɗu a kan shinge, suna buɗe takarda kamar masu cire wa jariri ƙaya. Harsashin ya fito, kauri kamar babban yatsa, tagullarsa ta yi duhu. Obrad ya sa shi da kansa, ya rufe sakata. Ƙarar rufuwarta ta sa tsikar jikinsa ta tashi. Ya cire safar hannu zai ba Momir, sai ya dube ta, ya cusa ta a aljihu.

“Riƙe ta da hannunka. Ka ji ni da kyau. An yi ta ne don abokin gaba na nesa, a kusa sama take harbi. Kada ka saita tuffar, saita ƙasa da ita. Ka danna gindin a kafaɗa sosai.”

“To, Baba.”

Momir ya ce to, amma bai ji komai ba. Ya ɗaga bindigar, ya ɗora saitinsa a kan tuffar sak, ya runtse ido ɗaya, ya ja kunama.

Ƙyas.

Babu abin da ya biyo baya. Mai tsintsiya ya fara ihu, “Ita ma bebiya ce!” Dariya ta fara tashi. Kafaɗun Momir suka saki, bakin bindigar ya fara sunkuyowa kaɗan.

“Kada ka motsa!” Obrad da Sreten suka faɗa tare, da murya ɗaya, domin su biyun sun san tsohon albarushi yakan yi nauyin barci.

Momir ya sandare. Sai Kokinka ta yi magana.

Ba a taɓa jin irin wannan ƙara a kwarin nan ba tun zamanin da ake jinta da gaske. Tsauni ya amsa, na bayansa ma ya amsa. Wani farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya haɗiye ango, da ƙofa, da uban amarya. Karnuka suka bazama, kaji suka tashi sama kamar tattabaru, wata mata ta saki tiren kofuna. Cikin hayaƙin aka ji wani abu ya karye a can sama, sannan ganye suka yi ta kaɗawa, sannan wani ƙwal mai zurfi.

Da iska ta janye hayaƙin, Momir yana zaune a ƙasa, bindigar a rungume a ƙirjinsa, ya ɗaga ta don kada ta taɓa ƙura. Bakin sandar nan babu shi, harsashi ya datse shi ƙasa da tuffar kaɗan. Wannan ɗan sunkuyowar da bindigar ta yi shi ne gyaran da ubansa ya ce ya yi bai yi ba.

“Ina tuffar?” in ji wani.

Mai babban ƙaho ya kifa ƙahonsa ya girgiza. Tuffar ta gangaro, ja, lafiyarta ƙalau, da guntun sanda a jikinta.

“Bai same ta ba!” in ji mai tsintsiya. “Ko ƙwarzane babu!”

“Rufe mini baki!” Sreten ne, fuskarsa baƙi-baƙi da hayaƙi, hawaye sun yi hanya biyu zuwa gashin bakinsa. “An ce a sauko da tuffa, ta sauko. Ku buɗe ƙofa! Ku buɗe duka biyun!” Ya tsaya yana shaƙar sauran hayaƙin, ido rufe, kamar mai shaƙar turare. “Obrad, ka ji? Ka ji muryarta? Shekara ashirin ina tsokanarka ko za ka fusata ka harba. Ka ɗauka don wa na sa aka hau bishiyar nan da sanda?”

“Tsohon munafuki!” in ji Obrad. Yana so ya yi fushi, amma dariya ta riga ta cika masa ciki. “Ka ga wutar da ta fito? Ka gani? Tsawon hannu!”

“Ta fi hannu!”

“Tsauni biyu suka amsa!”

“Uku! Kai kurma ne!”

Suka rungumi juna ta kan shinge, aka buɗe ƙofar da su a jikinta. Masu busa suka saki kiɗa, mutane suka kama hannun juna suka fara rawar zagaye tun daga kan hanya. Sai Obrad ya ture Sreten, idonsa a waje.

“Ruwan zafi!”

“Ruwan zafi!” in ji Sreten. “Baƙin albarushi ba ya jira, yanzu zai fara cin ƙarfe!”

Suka fizge bindigar daga hannun ango, ba wanda ya tambaye shi ko kafaɗarsa tana nan. Suka kutsa kicin da gudu, suka sauke tukunyar da aka ɗora don kofin baƙi, mata suna zaginsu suna bin su da ludayi. A bayan gida, kusa da tukwanen kabeji, ɗaya ya riƙe Kokinka da tawul, ɗaya yana tsiyaya ruwa, baƙin ruwa yana fita ta bakinta. Sreten yana taɓa ta da hannunsa tsirara, Obrad yana gani, bai hana shi ba.

A daidai lokacin aka fito da amarya. Aka yi guɗa, aka watsa alewa da hatsi, Momir ya karɓi hannunta da hannun hagu domin na dama ya ƙi ɗaguwa. Uban ango ba ya wurin, uban amarya ba ya wurin. Wannan abin kunya ne, kuma babu wani sunan da za a ba shi.

Da suka busar da ita suka shafa mai, Obrad ya ɗaga ta ya leƙa cikinta a hasken rana. Tana da tsabta. Amma wannan sheƙin na madubi ya ɗan dushe, shi ya gani ko da wani ba zai gani ba. Ya tsaya yana jiran baƙin cikin da ya san zai zo. Ya jira. Abin da ya zo masa kawai shi ne, shi mai ita bai ji yadda take dukan kafaɗa ba.

“Suruki,” ya ce, “tsaunin nan naka ne?”

“Nawa ne.”

“Babu kowa a kai?”

“Sai ciyawa. In ka harba, ni ne na biyu.”

Obrad ya kai hannu aljihun ƙirji. Babu komai. Ya juya, ya ga Stanika tsaye a bayansa tana rufe jakarta.

“Harsasan suna nan,” in ji ta. “Ranar da aka haifa mana jika, za ka sami ɗaya. Ɗaya ga kowane jika. In kana son ka ji ta da yawa, ka je ka yi wa yaran addu'a a coci, ga shi can ana jiranku.”

Suka bi ta zuwa ƙofa kamar yaran da aka kama. A nan Sreten ya tsaya, ya shiga dube-dube a ƙasa.

“Ina kwanson?”

“Wane kwanso?”

“Na harsashin. Da muka buɗe sakata a nan ya faɗi. A ƙasata ya faɗi, nawa ne.”

“Daga bindigata ya fito!”

“A ƙofata!”

“Ɗana ne ya harba!”

Suka durƙusa cikin kayan biki suna laluben ciyawa, kowa yana ture kafaɗar ɗan'uwansa, ayari kuma yana tsaye ana ta hon. Kosara ta sauke gilashin motar amarya. Ta ɗaga furannin da ke hannunta. A tsakiyarsu, soke cikin zaren da ya ɗaure su, ga kwanson tagulla, bakinsa baƙi da hayaƙi.

“Baba, da kai Baba,” ta ce, “don ni aka harba. Ku tashi ku karkaɗe gwiwoyinku.”

Suka tashi. Obrad ya naɗe Kokinka a bargo, ya buɗe bayan mota ya kwantar da ita kusa da tayar safaya. Sannan ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya ce a kira masa yayar Stanika.